Kafin ka yanki satifiket, tambayi kanka: in bashi ya taru wa za a kama?

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya da kai da ma'aikatanka. Na daɗe ina son rubuto maka wannan wasiƙa amma kullum sai in ce bari sai gobe, to yau dai na zauna, kuma ka yi haƙuri in ta yi tsawo don maganar ta daɗe tana cina.

Abin da ya tayar min da ita shi ne yadda nake ganin matasa masu fara kasuwanci suna ɗaukar maganar rajista kamar maganar ado. Wani burinsa kawai a ga kalmar Limited a ƙarshen sunan kasuwancinsa, ya ɗora hoton satifiket a Facebook a yi ta masa Allah ya sanya alheri, in ka tambaye shi me kalmar take nufi sai ya fara kame-kame. Wani kuma ya yi rajistar suna kawai amma yana ta cewa ai ni yanzu ina da kamfani. Wasu kuma, kuma su ne suka fi ban tausayi don ni ma a cikinsu na fito, su biyu ko uku ne suka haɗa kuɗi suka fara, babu takarda babu komai, wai ai mun yarda da juna. Alhali zaɓen irin tsarin da kasuwanci zai zauna a kai a gaban doka amsa ce ga tambaya guda ɗaya mai ɗaci, wato ranar da abu ya lalace, bashi ya taru, masu kaya suka zo, dukiyar wa za a taɓa. Sauran tambayoyin, su haraji da wa ke da ikon yanke shawara da yadda za a shigo da mai jari, duk suna biye da wannan ne.

Bari in fara da kaina don kar a ce ina wa'azi daga nesa. Shekarun baya ni da wani abokina, wanda tun muna yara muke tare, muka fara sana'ar haɗa kwamfutoci da jan wayar intanet a ofisoshi. Ni na kawo mafi yawan kuɗin, shi kuma ya fi ni sanin aikin da sanin mutane. Muka yi rajistar suna, aka rubuta mu biyu a matsayin masu shi, muka buɗe asusun banki, shi ke nan. Ba mu taɓa zama mun rubuta ko layi ɗaya ba kan yadda za a raba riba, ko wa zai iya karɓo kaya bashi, ko in ɗaya ya gaji yana son fita ya za a yi. Wallahi a lokacin in ka ce min mu rubuta sai in ga kamar zagi ne, kamar ina cewa ban yarda da shi ba. Shekara ta farko lafiya lau. A ta biyu ya samo wani babban aiki, ya je ya karɓo kaya masu yawa bashi da sunan kasuwancin, ya sa hannu shi kaɗai ban sani ba, kuma ba da mugun nufi ya yi ba, so yake ya ba ni mamaki. Waɗanda suka ba da aikin suka janye bayan an riga an sauke kaya. Ranar da mai kayan ya zo, ni ya samu, don ni ne mai abin da za a iya kamawa. Na ce masa ai ban sa hannu ba, ban ma ga takardar ba sai yau. Ya ɗauko ta ya ajiye min a kan tebur, sunan kasuwancinmu a sama da hatiminmu a ƙasa. Na ruga wurin lauya ina ganin zan ji daɗi, lauya ya karanta, ya cire tabarau, ya ce min malam ai a haɗin gwiwa irin naku kowannenku wakilin ɗan'uwansa ne, abin da ɗaya ya ƙulla a cikin harkar kasuwancin ya hau kan ku duka, kuma ba iya jarin da ka zuba za a tsaya ba, har abin da ka mallaka na kanka ana iya bi. Motata na sayar. Abotar ma ba ta koma yadda take ba har yau, muna gaisawa dai.

To abin da ban sani ba a lokacin shi ne rajistar suna ba ta haifar da wani sabon mutum a idon doka. Suna ne kawai aka rubuta don a san waye a bayansa. In kai kaɗai ne mai kasuwancin, to kai ne shi, shi ne kai, ribarsa taka, bashinsa naka, in aka kai ƙara kai za a kai. Ba wai tsarin ba shi da kyau ba ne fa, ai shi ya fi kowanne sauƙi da arha, babu yawan takardu, babu wanda za ka nemi izininsa, kuma ga wanda sana'arsa ba ta cin bashi mai yawa, ba ya ɗaukar ma'aikata da yawa, ba ya aikin da zai iya jawo wa wani babbar asara, sau da yawa ya wadatar. Mai koyar da yara darasi ko mai zanen tambari a kwamfuta ba lallai ya wahalar da kansa da kamfani tun ranar farko ba. Matsalarsa dai biyu, ba shi da katanga tsakanin aljihunka da na sana'a, sannan ranar da mai shi ya rasu galibi sana'ar ma ta bi shi, sai dai magada su sake sabon lale.

Haɗin gwiwa na gama-gari kuwa, irin wanda na faɗa ciki, ni a ganina shi ne mafi haɗari, saboda a ƙasashe da yawa ba sai kun yi niyyar kafa shi ba ma, da zarar mutum biyu suna kasuwanci tare don neman riba to doka ta ɗauke su abokan tarayya, ko sun rubuta ko ba su rubuta ba. Kuma in ba ku rubuta naku sharuɗɗan ba doka tana da nata da za ta ɗora muku. Dokar haɗin gwiwa ta Ingila ta 1890, wadda ƙasashe da dama da Ingila ta mulka suka gada ko suka kwaikwaya, cewa ta yi in babu wata yarjejeniya to riba daidai za a raba, babu ruwanta da cewa kai ka zuba kashi 80 shi ya zuba 20, kuma mutuwar abokin tarayya ɗaya tana iya rushe haɗin gaba ɗaya. Ka ji fa. Mutane nawa ne suka san da wannan a ranar da suke tafawa suna cewa Allah ya ba mu sa'a?

Akwai labarin da nake yawan ba wa matasa don su gane ba ƙananan mutane kaɗai abin yake tsoratarwa ba. Kamfanin Apple da kowa ya sani, a watan Afrilun 1976 ba kamfani ba ne, haɗin gwiwa ne na mutum uku, Steve Jobs da Steve Wozniak da wani da ya girme su mai suna Ronald Wayne, wanda aka ba kashi 10. Ba a yi sati biyu ba Wayne ya janye ya karɓi dala 800. Yau mutane dariya suke masa, wai ya yar da dukiyar da ba ta ƙirguwa. Amma dalilinsa a fili yake, samarin nan biyu ba su da komai, shi kuwa yana da abin da masu bashi za su iya kamawa, kuma sun fara karɓar kaya bashi. Da abin ya wargaje shi za a bi. Ni dai ba na masa dariya don na san abin da ya hango. A farkon 1977 aka mayar da Apple cikakken kamfani, da tun farko haka aka yi wataƙila da bai gudu ba.

Wannan ya kawo mu kan kamfani mai iyakantaccen alhaki, wato mai Limited ɗin nan. Abin da ya bambanta shi shi ne doka tana kallonsa a matsayin mutum mai zaman kansa, yana mallakar dukiya da sunansa, yana cin bashi da sunansa, yana kai ƙara ana kai shi, kuma ba ya mutuwa don mai shi ya mutu, hannun jarin ne kawai zai koma ga magada. In ya karye, abin da mai hannun jari zai rasa shi ne abin da ya zuba ko ya yi alƙawarin zubawa, gidansa da gonarsa suna nan. Wannan ba tun fil azal haka duniya take ba. A Birtaniya sai 1855 aka yi dokar da ta buɗe wa talakawan 'yan kasuwa wannan ƙofa, kuma ko bayan haka wasu ba su shiga ba, har sai da wani banki a birnin Glasgow ya rushe a 1878, masu hannun jarinsa ba su da wannan kariya, aka bi su har gida aka kwashe, mafi yawansu suka talauce tas. Jamus ta fito da nata samfurin na ƙananan kamfanoni a 1892, wanda ake gani da GmbH a ƙarshen suna, Faransa ta bi da SARL a 1925, a Amurka kuma jihar Wyoming ce ta fara LLC a 1977. Suna ya bambanta amma manufa ɗaya ce, a gina katanga tsakanin mutum da kasuwancinsa don mutane su samu ƙarfin halin gwada abu.

Shari'ar da duk ɗalibin lauya yake haddacewa a kan wannan ita ce ta Salomon. Wani mai sana'ar takalman fata ne a Landan, Aron Salomon, ya mayar da sana'arsa kamfani a 1892, a lokacin doka tana son mutum bakwai, sai ya sa matarsa da 'ya'yansa biyar kowa da hannun jari ɗaya ɗaya, shi ya riƙe sauran duka. Ba a daɗe ba kasuwa ta juya kamfanin ya karye, masu bin bashi suka ce ai wannan wasa ne, kamfanin nan Salomon ne kawai ya sa riga, shi zai biya. Ƙananan kotuna suka goyi bayansu, amma da aka je kotun ƙoli ta lokacin, wato Majalisar Dattawan Birtaniya, sai ta ce a'a, tunda an kafa kamfanin bisa ƙa'ida to shi daban Salomon daban. Littattafan shari'a suna rubuta hukuncin da shekarar 1897, kuma har yau a kansa ake tafiya a ƙasashe masu yawa.

Amma Edita, a nan ne nake son ka bar ni in daɗe kaɗan, don a nan ake yaudarar kai. Katangar nan tana da ƙofofi, kuma yawanci mai kamfanin ne da kansa yake buɗe su. Ta farko banki. Sabon kamfani da ba shi da kadara ba shi da tarihi, in ya je neman rance banki ba wawa ba ne, zai ce darakta ya sa hannu cewa shi da kansa ya tsaya wa bashin, ko ya kawo takardar gidansa jingina. Da ka sa wannan hannun, to game da wannan bashin Limited ɗinka ta tashi a banza, kai za a bi. Masu ba da hayar gini da manyan dilolin kaya ma suna yin haka. Mutane suna sa hannu ba su karanta ba saboda ɗokin kuɗi. Ƙofa ta biyu ita ce cakuɗa aljihu, kuɗin kamfani ya shigo ka cira ka biya kuɗin makarantar yara, gobe ka sa naka ka sayo kaya, babu rubutu babu rasit, asusu ɗaya ake komai da shi. Ranar rigima lauyan wancan ɓangaren abin da zai fara nema ke nan, ya nuna wa alƙali cewa kai ma ba ka ɗauki kamfanin a matsayin wani abu daban ba. Kotu ba ta saurin rushe katangar, gaskiya ne, amma in aka ga zamba, ko an kafa kamfanin ne don a guje wa wani haƙƙi da ke kan mutum, ko darakta ya ci gaba da karɓar kayan mutane alhali ya san kamfanin ya riga ya nutse, to dokokin ƙasashe da yawa suna ba da damar a kama shi shi da kansa. Sannan laifin da ka aikata da hannunka naka ne, kamfani ba ya wanke shi. Shi ya sa ma inshora take da nata wurin daban, rajista ba ta maye gurbinta.

Kuma kamfani yana da ɗawainiya da ba a faɗa wa mutane a ranar karɓar satifiket. Duk shekara akwai bayanan da za ka miƙa wa hukumar rajista ko ka yi ciniki ko ba ka yi ba, akwai littattafan lissafi da dole a ajiye, akwai haraji a kan ribar kamfanin, sannan in ka ciri ribar ka kai aljihunka a wurare da yawa akwai wani harajin kuma a kanta. Na san waɗanda suka buɗe kamfani don kwangila ɗaya da suke hange, kwangilar ba ta zo ba, suka watsar, bayan shekaru suka dawo suna son amfani da shi suka tarar tara ta taru, ko an ma soke sunan. Rufe kamfani ma aiki ne, ba kulle ƙofa kawai ake yi a tafi ba. Saboda haka ni ba na cikin masu cewa kowa ya ruga ya buɗe kamfani. In sana'arka ƙarama ce kuma haɗarinta kaɗan ne, fara da mai sauƙi, ana iya sauyawa daga baya in ta girma. Amma in akwai abokin tarayya, ko za a ci bashi mai nauyi, ko za a ɗauki ma'aikata, ko aikin irin wanda kuskure ɗaya zai iya jawo diyya ne kamar gini ko sufuri ko haɗa magani, ko kana sa ran wani zai zuba jari nan gaba, to a nan kam ɗawainiyar ta cancanta, don mai jari hannun jari yake son saya, kuma ba a sayar da hannun jari a cikin rajistar suna.

Tsakanin haɗin gwiwa na gama-gari da kamfani akwai wasu tsare-tsaren da ba a cika magana a kansu ba. Akwai haɗin gwiwar da wani yake kawo kuɗi kawai ba ya shiga gudanarwa, asararsa ta tsaya a kan abin da ya zuba, wani kuma yana gudanarwa yana ɗauke da cikakken alhaki. Duk wanda ya karanta fiƙihu zai ga yana kama da mudaraba, duk da ba daidai suke ta kowace fuska ba. Sai dai mai kuɗin in ya fara tsoma hannu a gudanarwa yana iya rasa kariyarsa. Akwai kuma haɗin gwiwa mai iyakantaccen alhaki da lauyoyi da akantoci suka fi so, Birtaniya ta yi dokarsa a 2000. Najeriya ma a dokar kamfanoni ta 2020 ta shigo da waɗannan biyun, ta kuma yarda mutum ɗaya tak ya kafa ƙaramin kamfani, ba sai ya je ya aro sunan ƙaninsa ko matarsa ba kamar yadda aka saba, wanda shi ma wani tushen rigima ne don wanda ka sa sunansa don cike gurbi a takarda mai hannun jari ne na gaske. Ƙasashen Afirka 17 da ke bin dokokin kasuwanci na bai-ɗaya da ake kira OHADA, ciki har da Nijar da Kamaru da Chadi, su ma sun daɗe da yarda da kamfanin mutum ɗaya. Ƙungiyar gama-kai kuma nata tsarin daban, kowane memba ƙuri'a ɗaya komai yawan kuɗinsa, ta dace da masu sana'a iri ɗaya da ke son haɗa ƙarfi, amma ba ta dace da wanda yake son shi ke da ta cewa ba. Kowace ƙasa da nata ƙa'idojin da sunayen, shi ya sa bidiyon da wani ɗan Amurka ya yi a YouTube yana cewa kowa ya buɗe LLC ba lallai ya yi maka amfani a inda kake ba.

Wani abu kuma, ko kamfanin kuka buɗe kar ku ce an gama. Raba hannun jari 50 da 50 tsakanin mutum biyu yana da daɗin ji, adalci ne a baki, amma ranar da kuka saɓa babu mai rinjaye, kamfani ya tsaya cak, ko cak na banki ba za a iya sa wa hannu ba. Dole a rubuta tun ana dariya, wa ke yanke hukunci in an yi kunnen doki, nawa ne iyakar abin da mutum ɗaya zai iya sa wa hannu shi kaɗai, wanda ke aiki kullum albashi zai ɗauka ko jiran riba zai yi, in ɗaya zai fita wa zai fara yi wa tayin kasonsa kuma da wane lissafi za a kimanta shi, in ya rasu magadansa za su shigo su zauna a kujerarsa ne ko za a biya su. Wannan na ƙarshen mutane ba sa son a taɓo shi, sai ka ji an ce haba kar ka yi mana fatan tsiya. To ai aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma muminai aka yi wa umarnin, ba a ce don ba su yarda da juna ba ne. Ni da abokina da mun ɓata awa biyu mun rubuta cewa babu mai karɓo kayan da suka wuce adadi kaza sai da hannun mu biyu, da motata tana nan da abotarmu.

Roƙona gare ka Edita shi ne, a shafinku na kasuwanci ku riƙa gayyato lauya da akanta su zauna tare su amsa tambayoyin masu karatu da Hausa, su biyun fa, don lauya zai gaya maka inda za a kama ka, akanta kuma zai gaya maka abin da tsarin zai riƙa ci maka duk shekara, kuma sau da yawa amsoshinsu ba sa haɗuwa sai an zauna an daidaita. Masu yi wa mutane rajista a matsayin dillalai da yawansu cike fom kawai suka iya, tambayar da suke yi ita ce wane suna kake so, ba sa tambayar ku nawa ne ko bashi za ku ci. In kun shirya irin wannan zama ku sanar da wuri, ina da tambayoyi uku da na rubuta na ajiye tun ranar da na fito daga ofishin lauyan nan, kuma zan turo wa abokin nawa ma ya karanta.

Na gode da ba ni fili.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku a kullum